Digirin Kasuwanci da Ƙaryar da Na Yi wa Inna

Akwai wata ranar kasuwar Kibiya da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da tsufa ya kwashe duk sauran abin da ke kaina. Yanzu in na tuna dariya nake yi, amma a ranar, da ƙasa ta tsage da na shige.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ina aiki a Rano, a wani kamfanin sayen gyaɗa, ni ne mataimakin manaja. Na dawo daga jami'a a Kudu da digiri ɗaya, ga babur, ga agogon hannu, ga safa har gwiwa ko da rana na tafasa. In na bi ta bakin kasuwa sai in ji ana cewa, "Ga mai digirin nan," ni kuwa in ƙara miƙe wuya kamar ban ji ba. Gaskiya a shekarun nan na ji daɗin kaina, har abin ya so ya yi yawa.

Manajanmu Bature ne, dogo, mai son mutane, amma Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "madalla" ba. Wata safiya ya kira ni ofis, ya ce kamfani zai tura mutum ɗaya Amurka, shekara biyu, ya yi digiri na biyu a kan harkar kasuwanci. Turawa sun fara haɗa kayansu, ana neman 'yan ƙasa da za su hau kujerunsu a babban ofis na Kano, kuma wanda ya je karatun nan shi za a ba. Ya ce sunana ya bayar. In ban je ba, za a tura wani akawu da muka fara aiki tare, ya dawo ya zama shugabana. Ya ba ni mako biyu in kawo amsa.

Na yi godiya da fara'a, na fito. Abin da ba wanda ya sani a Rano shi ne, digirin nan da nake taƙama da shi da ƙyar na sha. Jarrabawar lissafi sai da na maimaita ta. To a Kudu ma ke nan, ina ga ƙasar da aka ƙirƙiro abin? Na riƙa hango kaina na dawo hannu rabbana, masu cewa "ga mai digiri" suna nuna ni da baki. Tsoro ne zalla, amma ko a zuciyata ban yarda na kira shi da sunansa ba.

Sai na shiga neman shawara, wai. Ba shawara nake nema ba, wanda zai ce kada in je nake nema. Tsohon malaminmu na elemantare ya ce in tafi. Liman ya ce neman ilimi ba ya da iyaka, ya yi min addu'a. Na garzaya wajen Goggo, yayar mahaifina wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami, na san ba ta son in yi nisa. Ina gama bayani ta rangaɗa guɗa, ta ce in zan dawo in taho mata da bargo mai kauri. Duk garin ba a sami mai tausayina ba.

Ranar da wa'adi ya cika na shiga ofis, na marairaice fuska, na ce wa Manaja, "Ina so ƙwarai, amma mahaifiyata ba ta yarda ba."

Ba haka kawai na zaɓi Inna ba. Ni ne ɗan farinta, ita kuma jinin Fulani ce, kunyarta ta wuce misali. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In na je gaishe ta a Kibiya, inda take zaune tun rasuwar mahaifina, sai ta amsa tana kallon wani wuri, in akwai magana ta faɗa wa Goggo ko ƙanina, su su faɗa min, alhali ina durƙushe a gabanta. Sai na ga ai na sami mafaka. Matar da ba ta sa baki a al'amarina, wa zai je ya ji daga gare ta? Har na yaba wa kaina da dabara.

Manaja ya sosa kai, sannan ya ce, "Ba komai. Ran kasuwa dama zan je Kibiya ganin masu saya mana gyaɗa. Sai mu biya in roƙe ta da kaina."

Na ce hanya ba kyau. Ya ce motar kamfani ta saba. Na ce ba ta ganin baƙi maza. Ya ce zai tsaya a zaure. Ƙofa duk da na nufa sai ya riga ni rufewa, kuma da zuciya ɗaya yake yi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ranar kasuwa muka ɗau hanya. Direbanmu wani tsohon soja ne da ya je yaƙin Bama, kowa Saje yake ce masa, ba ya rabo da goro, ba ya kuma yawan magana. Goggo ma ta ji labarin mota za ta Kibiya, ta ce ƙafarta ƙafarmu, ta hakimce a baya da ƙwaryarta. Ita a zatonta Bature zai je yi wa Inna albishir ne. Ni kuwa duk ramin da mota ta faɗa sai in yi fatan taya ta fashe. Ba ta fashe ba.

Aka shimfiɗa wa Manaja tabarma a zaure, ya naɗe dogayen ƙafafunsa da ƙyar. Inna ta zo ta zauna daga ƙofar ciki, ta ja mayafi, Goggo na gefenta. Saje ya tsuguna a bakin ƙofar waje yana ɓare goro. Ni ne tafinta, kuma a nan na ga wata 'yar hanyar tsira.

Manaja ya yi dogon jawabi da Turanci: karatun shekara biyu ne kacal, kamfani zai kula da ni, me ya sa ta hana? Na juya na ce, "Inna, yana gaishe ki, yana tambaya ya amfanin gona."

Inna ta dubi Goggo ta ce, "Yaya, a ce masa mun gode Allah. Gero ya yi kyau, dawa ce dai ruwa ya ɗan yi mata gardama."

Na ce wa Manaja, "Ta ce ta tsufa, ba za ta iya rabuwa da ni ba."

Ya ƙara gyara zama, ya dafa ƙirji, ya ce shi ma yana da uwa a ƙasarsu, ya san zafin abin, amma ta dubi gaban ɗanta. Na ce, "Inna, ya ce ya kaji da awaki?"

Sai na ji an yi gyaran murya daga bakin ƙofa. Saje ya tofar da goro, ya ce, "Malam, a gafarce ni. Ni dai Turancina na bariki ne, amma a duk maganar nan ban ji inda Bature ya ambaci akuya ba."

Wallahi na manta sam cewa mutumin nan ya shekara biyar yana karɓar umarni da Turanci. Ya dubi wajen Inna, ya ce, "Baba, cewa ya yi ɗanku ya gaya masa ku kuka hana shi tafiya karatu. Shi ne ya zo roƙo."

Goggo ta saki baki, ta dafe ƙirji, ta ce, "La'ilaha illallahu! Yaushe aka yi haka?" Gumi ya karyo min har cikin safa. Manaja na ta murmushi yana kallon bakin kowa, bai san me ake ciki ba. Kalma ɗaya Inna za ta faɗa, ta ce ba ta san zancen ba, shi ke nan na zama maƙaryaci a gaban shugabana, karatu ya tafi, watakila aikin ma ya bi shi.

Inna ta gyara mayafinta. Can ta ce, a hankali, "Malam direba, ka gaya wa baƙo ya sha hanya, mun gode. Ka ce masa, in dai ni ce na riƙe yaron nan, to na sake shi."

Saje ya juya maganar yadda take, bai ƙara ba bai rage ba. Manaja ya tafa hannu, ya ce "Madalla!" har sau uku, ya tashi yana ganin ya yi gagarumin aiki. Suka wuce kasuwa, na ce zan same su.

Na shiga cikin gida na durƙusa. Goggo ta fara sababi, Inna ta ɗaga mata hannu. Ba ta dube ni ba, kamar kullum. Ta ce, "Yaya, tambayi ɗan naki, me yake tsoro?"

Ba ta ce me ya sa ya yi ƙarya ba. Me yake tsoro, ta ce. Matar da nake zaton ba ta san komai a kaina ba, ita kaɗai ce a ƙasar Rano da Kibiya ta gano ciwon. Nan na fashe, ƙato da ni, da agogo da safa, na faɗi komai, har jarrabawar da na maimaita.

Inna ta ce, "Ki gaya masa, ni ban san Amurka ba, ban san abin da ake koyarwa a can ba. In ya ga zai je, Allah ya kiyaye hanya. In ya je ya faɗi, ya dawo, ba a korar mutum daga gida don ya faɗi jarrabawa. In kuma ba zai je ba, ya buɗe baki ya ce shi ne ba ya so. Amma kada ya ƙara cewa ni ce. Ban taɓa tare masa hanya ba, ba kuma zan fara da tsufana ba."

Ta tashi ta koma wajen tankaɗenta. Maganar ke nan, ba ta sake tayar da ita ba har ta koma ga Allah.

Kwana uku na yi ina juya abin, wannan karon ni da kaina, ba tare da neman wanda zan laƙa wa ba. Na auna zaman Rano da daɗinsa, na auna kujerar Kano, na tambayi kaina ko karatun nake so ko kuwa kunyar a ce wani ya wuce ni nake ji. Na tarar ina son sa, tsoro ne kawai ya danne son. Na je na sami Manaja, na ce zan tafi, na kuma gaya masa gaskiya cewa Inna ba ta taɓa hana ni ba. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce ashe ya ɓata man mota a banza.

Na je, na sha wuya, lissafin nan ya sake kayar da ni sau ɗaya kafin in kayar da shi. Na dawo na hau kujerar, na yi shekaru a kanta. Saje kuwa har ya yi ritaya, in muka haɗu sai ya ƙame ya sara min, ya ce, "Ranka ya daɗe, ya awaki?"

Daga baya matasa da yawa sun zo ofishina neman shawara a kan ƙarin karatu. Wani ya ce maiɗakinsa ba ta so, wani ya ce mahaifinsa ya hana. Ba na musa musu, don wani da gaskiyarsa. Sai dai nakan rufe ƙofa, in ce, "Na ji nasu. Kai fa?" Zuwa ko rashin zuwa duk ba laifi ba ne, na ga waɗanda suka ƙi tafiya kuma suka yi albarka. Abin da na koya a zauren nan na Kibiya shi ne, in tsoro ya kama ka, ka amsa naka ne. Kada ka ɗora shi a kan wanda ya yi shiru saboda kunya, don sau da yawa mai shirun nan ya fi kowa sanin ka, ya kuma fi kowa son ka.