Sanyin da Ba na Jos Ba

Mu 'yan Jos muna ji da sanyinmu. Da wannan alfahari na tafi ƙasar Turawa, lokacin da aka tura ni kwas daga wurin aikinmu a Vom.

Wata Asabar tsohuwar da na sauka a gidanta ta ce mu hau dutse mu yi zamiya a kan dusar ƙanƙara. Na yi shiri irin na gida: suwaita biyu, kwat mai kauri, wando a kan wando. Ta ce in rage. Na ce, "Mama, ni fa ɗan Jos ne, ba a koya mini sanyi."

Mota ta riga ta daddale hanyar, ta ja layi biyu kamar sawun garma. Aka ɗaura mini dogayen katakai a ƙafa, aka ba ni sanduna biyu. Na ɗauka sulalewa kawai ake yi. Ashe mutum ke tura kansa, hawa bayan hawa, kamar mai huɗa. Ban yi nisa ba gumi ya jiƙa ni sharkaf, cinyoyina suka mutu. Da muka tsaya a sama, jiƙaƙƙun kayan suka koma ƙanƙara a jikina, haƙorana suka hau kaɗawa. Tsohuwar ta ciro busasshiyar riga daga jakarta. Tun daga gida ta ɗauko mini ita.

Yanzu idan baƙi daga Kano suna kukan sanyi a Kabong, maƙwabta dariya suke musu. Ni bargo nake miƙa musu.