Shekara Bakwai Bayan Habibu, an Sake Rufe Mana Ruwa

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Habibu, kuma tun farkon makon nan famfon gidan da nake haya a unguwar Al Mirqab bai ɗiga ba, mai gidan ya rufe ruwa don mu tashi.

Habibu Bakatsine ne, karatun tarihi ya kawo shi Doha. Ni kuwa mai gadi ne, ɗan Zangon Kumasi. Wani tsohon gidan haya a unguwar Al Asmakh ya haɗa mu. Bincikensa duk a kan wani gari ne na bisa tudu a ƙasar Gaul, wato Faransa ta yau, mai suna Uxellodunum. Har ya rasu harshena bai iya sunan nan ba. Yakan ce Rumawa sun kasa cin garin da takobi, sai suka haƙa rami ta ƙarƙashi suka karkatar da idon ruwansa. Da marmaro ya ƙafe, mutanen suka miƙa wuya. Ni dai in ya fara, hamma nake yi.

Sai mai gidanmu na Al Asmakh ya so rushe ginin, muka ce sai wa'adin haya ya cika. Bai yi faɗa ba. Ruwa ya rufe, a tsakiyar zafi.

Habibu ya tara mu ya ce, "'Yan'uwa, dabarar nan tsohuwa ce. Kada kowa ya fita."

Muka koma tara ruwa a jarka da bokiti, kamar a gida. Shi da ya saba da biro, shi ya fi kowa jido daga masallaci. Na ce, "Malam, khalas, ya isa haka, ranar nan ba irin ta Katsina ba ce." Dariya ya yi. A kan matakalar bene ya faɗi, bai sake tashi ba. Allah ya jiƙansa. Gidan kuma aka rushe shi.

Jiya maƙwabcina Yakubu direba ya tare ni a ƙofa. "Baba Isa, mu tsaya ko mu kwashe?"

Na san amsar Habibu. Har yau ina jin haushinsa, ina kuma kewarsa. Shi ya sa mini a rai cewa ba a korar mutum daga ɗakinsa kamar akuya, abin ya ƙi fita. Amma da ni aka yi masa wanka.

Na ce wa Yakubu mu tsaya, mu kai ƙara. Sai dai duk wanda na gani da jarka tsakar rana, da hannuna zan fitar masa da kayansa.