Hannun da Ya Daina Jin Wuta

Shekara ashirin da shida Ma'auni ya yi a bakin tanderun gidan burodi, Allah ya jiƙansa. A aikin ma ya samo sunan. Sai ya naɗe hannun riga, ya zura hannu cikin tanderu, ya ɗan tsaya kamar mai sauraro, sannan ya ce a zuba burodi ko a ƙara itace. Ba a taɓa jin ya ƙona burodi ba.

Wata safiya ya zura hannu ya ce da saura. Mai kwaɓi, amininsa tun suna samari, ya ce shi daga inda yake tsaye ma girarsa na neman babbakewa. Ma'auni ya yi dariya, ya ce mutumin gari da ruwa me ya sani a harkar wuta. Ya sake zurawa, har ya dafa bangon ciki don ya kunyata shi.

Ƙauri ne ya fara isa hancinsa. Ya waiga yana neman wanda ya bar tsumma a wuta, sai ya ga mai kwaɓi ya saki kwano, baki buɗe. Ya bi idonsa da kallo. Fatar tafinsa ta yi fari fat, ta saɓule, shi kuwa ko ɗis bai ji ba.

"Ɗan'uwa, wannan hannun waye?" ya tambaya a hankali.

A asibiti likita ta ce ciwon sukari ne ya daɗe yana cin jijiyoyin. Ta sa ya rufe ido, ta bi yatsunsa da tsinin allura har ta gama, shi yana jiran ta fara. Nan ya tuna maɓallin riga da ya jima yana gagararsa, har matarsa na tsokanarsa wai tsufa ne.

Bayan wata biyu ya koma aiki. Aka buɗe tanderu, kowa ya yi cirko-cirko yana jiran bakinsa. Ya daɗe yana kallon wutar nan kamar baƙuwa. Can ya kamo tsintsiyar hannun mai kwaɓi ya kai bakin tanderun.

"Kar ka ce min komai. Fuskarka zan duba."

Mai kwaɓi ya yamutsa fuska, hawaye na zuba, ba duka na zafi ba. Ma'auni ya ce a zuba. Haka suka riƙa yi kullum safiya har tsawon wata bakwai da suka rage wa Ma'auni a duniya.