An Shafa Fatiha Kafin In Buɗe Baki

Edita, ina yi maka sallama kai da masu karatu. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan wannan labari, yau dai na ce bari in fitar da shi ko na samu sauƙi. Ba zan kama sunan kowa ba, domin wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu kuma har gobe muna haɗuwa a wurin ɗaurin aure mu gaisa.

Lokacin da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, ni matashi ne mai takardar aikin gwajin jini, ina haya a wani lungu a Gyaɗi-Gyaɗi da matata da 'yarmu ƙarama. Aiki babu, sai ɗan zaman kemis da nake taya wani abokina. Ina cikin mutanen nan da unguwa ke yabo da kunya, waɗanda ko canjinsu mai shago ya manta ba sa iya tuna masa. Yabon nan kuwa ya shiga kaina sosai, ina jin kaina wani salihi. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya yi mini karatu da aure, saboda haka ban taɓa sanin yadda ake musa masa ba.

'Yar tamu tana da sikila. Wanda bai zauna da mai wannan ciwo ba ba zai gane ba. Yarinya tana wasanta lafiya lau, kafin ka juya ta kwanta tana kukan ƙafa da baya, musamman da damina in sanyi ya shige ta. Wani lokaci kuma jininta ne zai yi ƙasa farat ɗaya, in ba a yi mata ƙari da wuri ba komai na iya faruwa. Duk abin da na samu a kemis a kanta yake ƙarewa.

Ana haka wani likita ya buɗe asibitin kuɗi a Tarauni. Na kai takarduna, aka gwada mu, na ci, aka aiko in zo a daidaita maganar albashi. Matata ta zaunar da ni ta ce kada in tsaya jayayya a kan yawan kuɗi, ko nawa ne za mu lallaɓa. Abu ɗaya take so in nema, a sa a cikin sharaɗin aikina cewa asibiti zai ɗauki maganin yarinyar da ƙarin jininta duk ranar da ciwon ya tashi. Na ce mata wannan ai mai sauƙi ne. Har haddace yadda zan jera maganar na yi. Da Kawu ya ji labari sai ya ce ai likitan abokinsa ne, sahu ɗaya suke sallar asuba, kuma ba daidai ba ne in je gaban babban mutum ni kaɗai kamar marar dangi. Ya saka babbar rigarsa muka tafi.

Mun tarar da wata a ofishin, muka zauna a benci muna jira. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, muna jin komai. Wata nas ce 'yar kudu, mazauniyar Unguwa Uku, ita ma ranar aka kira ta. Da Hausarta mai gargada take tambayar likitan abu ɗaya bayan ɗaya, albashi nawa, hutu yaushe, in ɗanta ya kwanta wa zai biya, kuma ta ce a rubuta mata. Kawu ya yi tsaki ya girgiza kai. Ni ma don in burge shi na raɗa masa cewa wannan ai kamar tumatir take taya a kasuwar Tarauni. Muka yi dariya ƙasa-ƙasa, ta fito ta gaishe mu da ladabi ta wuce.

Likitan ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya sa aka kawo lemo, suka taɓa hirar masallaci da ta sabuwar gwamnati. Sannan ya juyo ya dube ni, ya tambaye ni kai tsaye me nake so a yi mini. Wallahi na buɗe baki, maganar tana kan harshena, sai na ji hannun Kawu a kan gwiwata.

"Haba Dakta, yaron nan ai ɗanka ne. Wane irin ciniki kuma tsakaninku? Duk abin da ka ba shi, albarkarsa muke nema."

Likitan ya yi dariya, ya faɗi albashin, kuma gaskiya ba laifi. Ya ƙara da cewa in wata matsala ta taso ƙofarsa a buɗe take. Kafin ya rufe baki Kawu ya ɗaga hannuwa ya ce a yi fatiha. Na ɗaga nawa ni ma, aka karanta aka shafa. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da wannan ke nufi. In manya suka shafa fatiha a kan magana, ta ƙare ke nan, wanda ya sake tayar da ita kamar ya ce bai yarda da su ba ne. Don in yi wa likitan adalci, har a bakin ƙofa ya sake tambaya ko akwai wani abu. Kawu ya dube ni, na sunkuyar da kai na ce babu komai, an gode.

Da na koma gida na ce wa matata an gama magana, Dakta ya ce ƙofarsa a buɗe take. Ta tambaye ni ko na ambaci sikila da bakina. Na hau ba ta labarin lemo da kujerun ofis. Ta tashi ta ci gaba da wankinta.

Da farko abin ya yi kyau. In yarinyar ta ɗan yi zazzaɓi na kawo ta, likitan yakan ɗaga hannu kawai ya ce a duba ta, bai ma taɓa tsayawa ya ji mene ne ciwon ba. Har tsokanar matata nake yi, ina cewa ga ranar kunya nan ta gani. To, siyasa ta dawo, mutanen likitan ne a sama, ba a jima ba aka ba shi muƙami. Ya koma yau yana Kano gobe yana Abuja. Ya damƙa asibitin a hannun wani manaja, ɗan'uwansa, ya ce masa kuɗi na zurarewa, ya toshe ko'ina. Manajan ya karɓe mukullin ɗakin magani, ya karɓe na firjin da muke ajiye jini. Na je na samu Kawu na roƙe shi mu koma mu gyara maganar yarinyar tun da wuri. Ya ce yanzu da mutumin ya samu ɗaukaka, in muka je sai a ce mun zama maroƙa, in yi haƙuri. Na yi haƙurin, don shi na iya.

Wata safiya cikin damina, an kwana ana ruwa, ina ɗakin gwaji sai ga matata ta shigo da yarinyar a kafaɗa, duk sun jiƙe a kan acaɓa. Tafin hannun yarinyar ya yi fari fat, numfashi sama-sama. Ni da kaina na ɗebi jininta na auna, sakamakon ya nuna jinin ya yi ƙasa ƙwarai. A cikin firjin nan akwai ledar jini irin nata, ni na tantance ta a makon, na san ma a wane ɓangare na ajiye ta. Na ruga wurin manaja. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ma'aikatan da aka yi sharaɗin iyalinsu da su ana duba 'ya'yansu kyauta, ni kuwa ba a yi da ni ba. Ko in kawo kuɗin kafin alƙalami, ko in kawo izini daga bakin Dakta. Ya ce an riga an ja masa kunne, in ya buɗe firjin nan a bakin aikinsa. Ba zan ce mugu ba ne, idonsa ma bai iya haɗawa da nawa ba.

Wata ya yi nisa, aljihuna babu komai, kuma duk asibitin da na nufa sai an sayi jini ko an kawo mai bayarwa. Wayar hannu ba ta zo ba a lokacin, ta gidan likitan kuma in an buga ba ta shiga. Aka ce mini ai yana gari. Na ce alhamdulillahi, mutumin da ya ce ƙofarsa a buɗe take. Na bar matata da yarinyar a benci na tafi gidansa a Daurawa.

Ƙofar na tarar, amma ban ga ta inda ake shiga ba. 'Yan siyasa ne cike da layin, da masu neman kwangila, da maroƙa da 'yan banga, kowa da babbar buƙatarsa. Na gaya wa maigadi cewa ni ma'aikacin asibitin Dakta ne, 'yata ce ba lafiya. Ya ce duk waɗanda na gani nan haka suka ce, in samu wuri in zauna. Na zauna a kan wani dutse tun hantsi har aka yi azahar aka idar. In na tashi zan koma asibiti sai in tuna ba ni da abin da zan kai, in na zauna kuma sai in ga fuskar yarinyar. Ban taɓa jin ni ba kowa ba ne irin ranar. Can sai aka wangale ƙofa, motoci suka fito a jere da gudu, jama'a suka bi su da kirari. Na bi su ni ma ina kiran Dakta, Dakta, har takalmina ya tsinke. Na yi imani bai gan ni ba.

Wajen la'asar na koma asibiti a ƙasa. Na tarar an ba yarinyar gado, jini yana shiga. Ashe nas ɗin nan 'yar kudu ce ta zo karɓar aikin yamma, ta ga matata a benci tana kuka, ta shiga wurin manaja ta ce a rubuta a kan albashinta. Da ta gan ni ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ja ni gefe ta yi magana a hankali.

"Malam, me ya sa ba ka faɗa masa ba tun ranar nan? Ni ma ba wani abu na yi ba, tambaya kawai na yi."

Na juya na nufi wurin yarinyar. Da na matsa kusa da gadon sai na ga bakin yarinyar ya karkace, hannunta na hagu ya saki, in an ɗaga sai ya faɗi. Tun tana benci abin ya same ta. Likitan da ke bakin aiki ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, takan faru ga masu sikila, kuma ba zai rantse cewa da an sa jinin da safe da ba ta faru ba. Na tambaye shi ko zai rantse cewa da ta faru duk da haka, sai ya juya ya ci gaba da duba ledar jinin.

Bayan kwanaki labari ya kai wa mai asibitin. Ya zo da kansa, ransa a ɓace, ya yi wa manaja tatas, ya yafe kuɗin duka. Sannan ya dube ni ya ce don me ban taɓa gaya masa yarinyar sikila gare ta ba, ai da tun ranar farko ya sa an rubuta. Wannan magana ta fi mini zaman ƙofar gidansa ciwo. Kawu kuwa da ya zo dubiya cewa ya yi na ga irin kirkin mutumin ko, ya kamata mu je mu yi godiya. Kuma na bi shi muka je muka yi. Matata har yau ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba, ni kuwa da ta faɗa ta huce da ya fi mini sauƙi.

Na yarda da ƙaddara, ban kuma riƙe Kawu a zuciya ba, Allah ya jiƙansa, abin da ya sani ke nan na mutunci. Amma na gane cewa kunyar da nake taƙama da ita ba ni na biya kuɗinta ba, yarinyar da ba ta san an yi zaman ba ita ta biya. Don haka ina roƙon matasa, ranar da aka ba ku aiki aka tambaye ku me kuke so, ku faɗa, da ladabi amma a fili, ku kuma nemi a rubuta, don mai alkawarin yau gobe ba lallai ku same shi a kujerarsa ba. In da babba zai raka ku, ku gaya masa buƙatarku tun a gida, ko ku roƙe shi ya jira a waje. Iyaye kuma, don Allah ku bar yaro ya gama magana kafin ku ɗaga hannu.

'Yata ta girma yanzu, tana jan ƙafa kaɗan, hannun kuma bai dawo ba. Kullum da safe ina ganinta a tsakar gida tana ɗaura ɗankwali da hannu ɗaya, tana riƙe bakinsa da haƙori. In na miƙa hannu zan taya ta sai ta yi murmushi ta ce, Baba bar shi, na saba.