Dattijon da ke Saman Tanki

Daga inda nake jiran mota a Kubwa ina hango shi a saman tankin wani sabon bene, dattijo siriri, wando a naɗe, silifas kowace ƙafa da kalarta. Tankin na ambaliya, ruwan na bin katanga zuwa waje, inda mata uku suka jera bokitai.

Ya ciro ƙwallon robar da ke tsayar da ruwa in tanki ya cika, ya girgiza ta a kunnensa. Ashe ta fashe. Sabuwa na cikin jakarsa, amma sai juya sifana yake a banza, idonsa na kan bokitan.

"Baba, har yanzu?" in ji matar gidan daga baranda.

"Saura kaɗan, Hajiya."

Na rantse shi ma famfon unguwarsu ya shekara a bushe. Sai da bokitin ƙarshe ya cika ya ɗaura sabuwar. Ruwa ya ɗauke.

Ɗaya daga cikin matan ta ɗaga kai. "Baba, gobe ma za a samu?"

"Na gyara, 'yata," ya ce, kamar mai kawo saƙon rasuwa.