Shanun Inna a Cikin Tawada

Cikin abubuwan da suka faru a gidana, akwai ɗaya da har abada ba zai fita daga raina ba. Lokacin surukata, da muke kira Inna, ta dawo wajenmu cikin gari da zama. Sai ta daina cin abinci, kullum tana ramewa. An kai ta asibiti, ba a ga komai ba.

Ana haka ƙanwata da ke karatun jami'a a Gubi ta zo da wasu katuna masu ɗigon tawada. Ta ce bincike take yi kan tsofaffin hanyoyin da likitocin ƙwaƙwalwa ke gwada tunanin mutum: a nuna maka, ka faɗi abin da ka gani. Wai har yau masana na gardamar ko suna da amfani.

Ni ta fara nuna wa. Na ce tabon manja nake gani a jikin hijabi. Maigidana ya ce ai dama ni da wanki sai Allah.

Inna ta karɓi kati ɗaya, ta juya shi.

"Wane malami ne ya yi ɓarnar tawada haka? Wankewa za a yi a sha?"

"A'a Inna," in ji ƙanwata, "kallo kawai za ki yi. Me kika gani?"

"Bijimai biyu ne ke karo. Ke da boko duk ba ki gani ba?"

Na gaba ta ce saniya ce mai ciki. Na bayansa kuma maraƙi ne ya kwance igiya. Muna ta dariya, ƙanwata har da hawaye. Da aka zo wani, sai Inna ta shiga shafa katin da yatsa.

"Wannan farar saniyata ce. War haka da na gama tatsarta."

Dariya ta tsaya. Mun saya mata fanka da katifa, amma ba wanda ya taɓa tambayarta abin da take kewa.

Ranar Asabar maigida ya kai ta rugar ƙaninta ta wajen Zungur. Ta shanye ƙwaryar fura, ta nemi ƙari. Daga nan duk mako sai an kai ta.

Ban san hukuncin da masana za su yanke wa katunan ba. Ni dai na koyi cewa kafin ka yi wa tsoho hidima, ka zauna ka tambaye shi, ka kuma bari ya gama magana.