Farin Ƙyallen da Aka Karɓe wa Babanmu

Har yau in na ji warin bula sai raina ya ɓaci. Da ita babanmu yake wanke farin ƙyallen da ake shimfiɗawa a tsakiyar masu wazifa a masallacinmu na unguwar Nombakélé. Shi aka damƙa wa ƙyallen tun kafin a haife ni. Duk Alhamis ya wanke shi da hannunsa, ya shanya a cikin ɗaki, don ruwan Libreville ba ya barin kaya su bushe a waje.

Lokacin kuɗin man fetur ne. 'Yan'uwansa masu sayar da yadi a kasuwar Mont-Bouët kowa na rububin mota da rediyo, shi kuwa sai ya dawo da tsofaffin littattafan Larabci daga shagon wani ɗan Labanan. Maganganun masu hikimar Girka ne na zamanin da. Yana da shekara hamsin ya koma ɗalibi, hannu ɗaya na auna atamfa, ɗaya na riƙe da shafi.

Wata rana bayan la'asar ya ɗago kai ya ce wa innarmu, "Kin ji wannan bawan Allah? Ya ce rai daga wurin Ɗaya ya fito, kuma kewar Ɗaya ce ke hana shi sakat. Ashe ya ɗanɗani abin da muke nema a wazifa."

Ni da shegen surutu, ina 'yar shekara tara, na kwashi maganar na zazzage ta a makarantar allo, ina taƙama da ubana. Kafin Juma'a ta isa kunnen liman.

Dattawa uku suka zo gidanmu, har da liman. Ba wanda ya ce a buɗe littafin ya gani. Ko ɗaya! Liman ya ce, "Malam, hannun da ke juya maganar arna ba zai riƙe mana ƙyalle ba." Babanmu ya ce su ɗan jira. Ya hura gawayi, ya goge ƙyallen tsaf, ya ninke, ya miƙa da hannu biyu. Wallahi gugar nan ta fi komai ƙona min rai. Mutanen da ke zuwa wurinsa ya warware musu Larabcin da ya gagare su, su ne suka karɓa ko kunya babu.

Bai doke ni ba, bai ko ambata min ba. Bai kuma daina zuwa wazifa ba. A bakin ƙofa yake zama wajen takalma, ruwan saman da ke zuba daga kwanon rufi na fantsar masa, yana jan carbinsa. Haka har ya rasu. Ranar kuwa mutanen nan suka cika mana gida suna cewa mutumin Allah ne.

Yanzu jikan liman ne ke koyar da falsafa a jami'a, ana ta kiransa dokta. Ya zo har gidana a Akanda neman littattafan babanmu. Na ce zan ba shi duka, da sharaɗi guda: ya buɗe shafin nan a gaban masu wazifa ya karanta, ya faɗi mai littafin da abin da aka yi masa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, bari in yi shawara."

Damina uku ke nan littattafan suna cikin akwatina.